Shotaro Ishinomori: Mai zanen da ya haifi jarumai biyar masu launi biyar

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a shekarun 1990, lokacin da ake karɓo hayar kaset ɗin bidiyo a taru a falon maƙwabta, da wuya a ce bai san Power Rangers ba, ko bai taɓa yin rigima da sa'o'insa kan wanda zai zama mai jan kaya ba. Har yau akan ji waɗannan yaran, da yanzu suka zama magidanta, suna musu da 'ya'yansu cewa na da sun fi na yanzu. Abin da akasari ba a sani ba shi ne, asalin shirin ba na Amurka ba ne. Tushensa yana Japan, a hannun wani mai zane da ya rasu tun 1998.

An haifi Shotaro Onodera ranar 25 ga Janairun 1938 a ƙauyen Ishinomori da ke lardin Miyagi, a arewa maso gabashin Japan, kuma sunan ƙauyen ne ya ɗauka ya zama sunansa na alƙalami. Yana da shekara 7 aka kammala Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasarsa ta sha kaye, garuruwanta sun zama kufai. Tun yana makarantar sakandare ya fara aika zanensa zuwa mujallu, har Osamu Tezuka, wanda ake ɗauka uban littattafan zane na Japan da ake kira manga, ya lura da shi ya neme shi ya taya shi aikin Astro Boy. A 1956 ya koma Tokyo, ya kama ɗaki a Tokiwa-so, wani gidan haya da matasan masu zane suka cika, ciki har da wanda daga baya ya ƙirƙiri Doraemon.

A gidan hayar nan ne ya gamu da rashin da ya fi girgiza shi. Yayarsa, wadda ta tsaya masa tun farko kuma ta zo Tokyo ta zauna tare da shi, tana fama da ciwon asma, ta rasu a 1958 tana budurwa. Masu nazarin ayyukansa da dama suna danganta baƙin cikin da ke ratsa labaransa da wannan rashi, kuma wanda ya karanta su zai ga dalili: jaruman Ishinomori ba sa samun ƙarfi a banza, sai sun yi asarar wani abu da ba ya dawowa.

An fara ganin haka sosai a Cyborg 009, wanda ya fito a 1964. Labari ne na mutum tara daga ƙasashe daban-daban, har da ɗan Afirka guda, waɗanda wata ƙungiyar dillalan makamai ta sace ta dasa musu na'urori a jiki don ta sayar da su a matsayin makaman yaƙi, su kuwa suka yi mata tawaye. A nan aka shuka irin jarumtar haɗin gwiwa, inda kowa ke da baiwarsa amma babu mai iya cin nasara shi kaɗai. A 1971 kamfanin Toei ya fara nuna Kamen Rider a talabijin, jarumi mai kamannin fara a kan babur, shi ma azzalumai ne suka sauya masa jiki. Da ɗan wasan da ke fitowa a jarumin, Hiroshi Fujioka, ya karye a hatsarin babur wajen ɗaukar shirin, sai aka ƙirƙiro jarumi na biyu don cike gurbi. Da ya warke aka haɗa su biyun, yara kuma suka ƙara so.

Ranar 5 ga Afrilun 1975 aka fara Himitsu Sentai Gorenger: jarumai biyar, ja da shuɗi da rawaya da ruwan hoda da kore, huɗu maza ɗaya mace. An yi kashi 84, kuma babu wani shiri a wannan jeri da ya kai shi tsawo. Masu cewa shirye-shiryen da sun fi nauyi suna da hujja, domin labarin ya buɗe ne da kisan kiyashin da abokan gaba suka yi wa rundunar tsaro, waɗannan biyar su ne suka tsira. Amma sukan manta cewa a shirin nan ne mai rawaya ba shi da zance sai shinkafa da miyar kori, kuma da ƙwallo ake gamawa da dodo, a yi ta bugawa juna har na ƙarshe ya dirka masa. Wasa da gaske tare suka taso tun ranar farko.

Shirinsa na biyu a wannan layi, JAKQ Dengekitai na 1977, bai karɓu ba, aka tsayar da shi a kashi na 35. Daga nan hannun Ishinomori ya fita. Toei ta ci gaba da Battle Fever J a 1979, ta shigo da ƙaton mutum-mutumin ƙarfe da jarumai ke tuƙawa, abin da babu shi a shirye-shiryensa biyu, wanda kuma ya zama babbar hajar masu sayar da kayan wasan yara. Shekaru da dama ma ba a lissafa nasa a cikin jerin Super Sentai, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka mayar da Gorenger matsayin na farko. Power Rangers ɗin da ya iso Kano kuwa, ɗan kasuwar nan Haim Saban ne ya yanko faɗace-faɗacen Zyuranger na 1992, ya haɗa da 'yan wasan Amurka, aka fara nunawa a 1993. Wato abin da mutanenmu ke kira na da, a wajen tsofaffin masu kallo na Japan sabon yayi ne da ya zo shekara 18 bayan na asali.

Shi dai bai tsaya kan jarumai ba. A 1986 ya fitar da littafin zane mai bayanin tattalin arziƙin Japan, wanda manya 'yan kasuwa suka yi rububinsa har aka fassara shi zuwa Turanci, sannan ya shiga zana tarihin ƙasarsa mujalladi bayan mujalladi.

Ya rasu a Tokyo ranar 28 ga Janairun 1998, kwana uku bayan ya cika shekara 60. Bayan rasuwarsa aka tattara ayyukansa 770 cikin mujalladi 500, shafi sama da 128,000, kundin Guinness ya shaida cewa babu mai zane guda da aka buga wa littattafan zane masu yawan nasa. A 2001 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a birnin Ishinomaki, a bakin teku. Ambaliyar tsunami ta ranar 11 ga Maris ɗin 2011 ta mamaye hawan ƙasa na ginin, amma ainihin zanen hannunsa suna hawan sama, ruwa bai kai gare su ba. An sake buɗe gidan a Nuwamban 2012.