Marconi: Mutumin da ya sa jiragen ruwa suka fara magana da tudu

Dattijon da ke murɗa akwatin rediyo da asuba a Gazawa ko Gidan Rumji domin kamo labarai a gajeren zango, da matuƙin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska da ke aika imel daga tsakiyar tekun Atlantika, hanya ɗaya suke amfani da ita. Cikin waɗanda suka share wannan hanya, babu wanda sunansa ya kai na Guglielmo Marconi fita.

An haife shi ranar 25 ga Afrilun 1874 a birnin Bologna na ƙasar Italiya. Mahaifinsa Giuseppe attajiri ne mai gonaki, mahaifiyarsa Annie Jameson kuma ƴar ƙasar Ayalan ce. Marconi bai yi digiri ba. A gida aka fi koyar da shi, sai ɗan abin da ya tsinta a wajen Farfesa Augusto Righi na jami'ar Bologna.

Yana ɗan shekara 20 ya karanta binciken Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da cewa akwai igiyoyin lantarki masu ratsa iska. Malamai sun ɗauki abin a matsayin ilimin ɗakin gwaji. Shi kuwa saurayin sai ya hango kasuwa: aika saƙon tangarahu ba tare da an ja waya ba. A 1895, a gidan gonarsu da ke Pontecchio, ya tura sigina ta tsallake wani tudu mai nisan kusan kilomita biyu.

A 1896 mahaifiyarsa ta raka shi Landan, inda babban injiniyan gidan waya na Ingila, William Preece, ya karɓe shi. Shekara guda bayan haka ya kafa kamfaninsa.

Tun farko ya gane cewa a kan tudu wayar tangarahu ta riga shi, amma jirgi in ya bar gaɓa ya zama kurma kuma bebe har sai ya isa. Don haka teku ya nufa. A Yulin 1898 ya bi gasar tseren jiragen iska ta Kingstown a cikin wani ƙaramin jirgi yana aika wa wata jaridar Dublin sakamako nan take. A Oktoban 1899 jaridar New York Herald ta ɗauke shi ya yi mata irin wannan aiki a gasar Kofin Amurka. Wasan masu kuɗi ne, amma shi ya tallata shi a duniya.

Ranar 12 ga Disamban 1901, yana St. John's a tsibirin Newfoundland, ya sanar cewa ya ji harafin S da aka bugo daga Poldhu a Ingila, nisan kusan kilomita 3,500. Har yau akwai masanan da ke shakkar cewa abin da ya ji ke nan, domin babu wani shaida sai shi da mataimakinsa. A 1909 aka ba shi kyautar Nobel tare da Karl Ferdinand Braun.

Daren da jirgin Titanic ya nutse a Afrilun 1912 ya nuna amfanin na'urar da kuma rauninta. Ma'aikatan rediyon jirgin biyu, Jack Phillips da Harold Bride, ma'aikatan kamfanin Marconi ne. A ranar saƙonnin fasinjoji sun yi musu yawa, ga shi da hannu ake buga kowane harafi. Lokacin da jirgin Californian da ke kusa ya yi gargaɗin cewa ƙanƙara ta kewaye shi, Phillips ya katse shi saboda yana tsakiyar aiki. Ma'aikacin Californian, shi kaɗai ne a jirginsu, ya kashe na'ura ya kwanta. Jirgin Carpathia ne ya ji kiran neman agaji ya ceto mutum kusan 700, wasu kimanin 1,500 suka halaka. Daga nan aka fara tilasta wa manyan jirage sauraron rediyo dare da rana.

A 1919 Marconi ya sayi wani jirgin shaƙatawa mai injin tururi ya sa masa suna Elettra, ya mayar da shi gida kuma ɗakin gwaji. A lokacin kowa ya yi imani cewa dogon zango ne kawai ke zuwa nesa, ana ta gina tashoshi masu cin wuta da kuɗi. A 1923 ya tuƙo Elettra har tsibiran Cape Verde da ke gaban gaɓar Senegal, yana sauraron siginar gajeren zango da injiniyansa Charles Franklin ke harbowa daga Poldhu. Da dare ta iso sarai, a nisan fiye da kilomita 4,000, da ƴar wuta kaɗan. A shekarar da ta biyo baya, daga Beirut, suka gano cewa in aka ƙara gajarta zangon, ko da rana saƙo na isa. Sirrin shi ne igiyar na dukan wani sashe na sararin sama ta dawo ƙasa can nesa. Kan wannan ne sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, ya riƙa isa ƙauyukan Maraɗi.

Masu yawo a ƙananan jiragen iska ma kan wannan zango suke haɗa kwamfuta da rediyo ta na'urar modem irin ta PACTOR. Samfurin farko bit 200 yake turawa a daƙiƙa, na huɗu ya haura 5,000. Mai wayar hannu zai yi dariya, amma ga wanda ke jiran rahoton guguwa a tsakiyar teku, bambancin ba ƙarami ba ne.

Akwai ɓangaren tarihinsa da ba a cika faɗa ba. A 1923 ya shiga jam'iyyar Fasist ta Mussolini, a 1930 ya zama shugaban cibiyar masana ta Italiya kuma ɗan majalisar ƙolin jam'iyyar. Da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Marconi ya fito fili ya goyi baya, har ya riƙa yawon kare yaƙin a ƙasashen waje. Ɗan Afirka da ke yaba basirarsa ya kamata ya san wannan.

Ciwon zuciya ya kashe shi a Rum ranar 20 ga Yulin 1937 yana da shekara 63, tashoshin rediyo a ƙasashe da dama suka yi shiru na minti biyu. A 1943 Kotun Ƙolin Amurka ta soke ɗaya daga manyan takardun mallakar fasaharsa, ta ce Oliver Lodge da Nikola Tesla da John Stone sun riga shi. Elettra kuwa Jamusawa suka ƙwace a Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi masa ruwan bama-bamai a 1944 kusa da Zadar. Daga baya aka yanka gangar jikinsa gunduwa-gunduwa aka rarraba wa gidajen tarihi a Italiya.