Alhassan Ɗantata: Daga fataucin goro zuwa dalar gyaɗa

A ranar 17 ga watan Agusta na shekarar 1955 ne Allah ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a birnin Kano, aka yi masa sutura a unguwar Sarari. A wancan lokaci ana ɗaukarsa a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Mutane sun fi tuna yawan dukiyar, amma abin da ya fi cancantar nazari shi ne lissafin da ya tara ta.

An haife shi a garin Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka gaji fatauci kaka da kakanni. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau, rainonsa ya koma hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samo laƙabin da duniya ta san shi da shi. Masu ba da tarihinsa sun ce an kama shi a lokacin Yaƙin Basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893, daga baya ya sami 'yancinsa ya koma kasuwa.

Sana'ar gidansu ita ce goro. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da turkuɗi, fatu da kanwa, ya nufi Gwanja, ya shafe watanni kafin ya dawo. Ana biyan fito a bakin kogi, ana biyan sarakunan hanya, goro kuma yana lalacewa idan ba a kula da shi ba. Sai dai asara mafi girma ba ta bayyana a ido: jarin falke yana kwance a bayan jaki tsawon watanni, ba ya juyawa. Daga wajejen 1906 Alhassan ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara da Sakandi zuwa Ikko. Akwai kuɗin jirgi, amma jarin da abokan sana'arsa ke juyawa sau ɗaya, shi yana juya shi sau da dama.

Ana cikin haka layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke so. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta sa ran ƙasar Hausa za ta ciyar da masaƙun Ingila. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Auduga tana cin aiki a daidai lokacin da gero da dawa ke bukatar hannu, kuma masaƙan gida suna biyan farashin da ya fi na Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawar Kano, ana shuka ta tsakanin hatsi, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, mata suna fitar da mai da ƙuli-ƙuli, idan kasuwa ta faɗi a ci ta a gida. A Turai kuma masana'antun sabulu da man shafa wa burodi suna neman mai ruwa a jallo. Kafin ƙarshen 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

Masana tattalin arziki suna da suna ga wannan lissafi. Ainihin tsadar abu, a wurinsu, ita ce abin da mutum ya haƙura da shi domin ya same shi. Tun a 1817 David Ricardo ya kawo misalin Ingila da Fotugal: Fotugal tana bukatar ma'aikata 90 don yadi da 80 don ruwan inabi, Ingila kuwa 100 da 120. Fotugal ta fi iya duka biyun, amma ribarta tana cikin inabi, ta sayi yadi daga Ingila, domin duk turmin da ta saƙa da kanta inabi mai yawa ta bari. Kano ma ta iya auduga, shaidar haka tana Kura da marinar Ƙofar Mata. Abin da za ta bari don ta noma wa Ingila ita ne ya yi yawa.

Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, fataken goro ne suka san su. A 1918 kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Wasu irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun riga shi shiga, amma ya zo da yaran gida masu yawa da amanar da ya gina a fataucin goro. Yakan ba wakilansa jari tun kafin kaka, su bazu kasuwannin karkara. Zuwa 1922 ya wuce kowa a Kano. An ruwaito cewa a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 reshen bankin Birtaniya na Afirka ta Yamma da ke Kano. Da sunansa kuma ake danganta dalar gyaɗa, tarin buhunan da ke jiran jirgi.

Irin wannan lissafi ya sake faruwa a Kudancin Kaduna. Bayan layin dogo na gabas daga Fatakwal ya haɗe ta Kafanchan a 1927, manoman Jaba da Kachia suka ga damina mai tsawo da ƙasarsu sun fi dacewa da citta, suka mayar da ita amfanin sayarwa, har yankin ya zama cibiyar citta a Najeriya.

Sai dai dogaro da amfani guda yana da nasa haɗarin, abin da misalin Ricardo bai nuna ba. Alhassan kansa bai saki goro ba, ya kuma haɗa da shanu, tufafi da duwatsun ado. Ƙasar da ya bari ba ta yi wannan hattara ba. Farin farkon shekarun 1970, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 da kuɗin man fetur suka haɗu suka kwashe dalar Kano. Manoman citta ma sun ɗanɗana irin wannan a 2023, lokacin da cuta ta ruɓar da gonaki a Kachia, Jaba da Kagarko.

'Ya'yansa, musamman Sanusi da Aminu, sun ci gaba da kasuwancin gidan, suka faɗaɗa shi zuwa gine-gine da sufuri. Aliko Ɗangote, jikan Sanusi ta wajen uwa, da fataucin siminti, shinkafa da sukari ya fara kafin ya koma kafa masana'antu.