Labarin Likita Mila na Zazzau, da Yadda Hasara Ta Horar da Shi

Ya kai mai karatu, ko a Batsari ka ke, ko a Safana, ko cikin ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, watakila Littafi Mai Tsarki na Hausa ya shiga hannunka, ko kuwa ka ji ana karanta shi. Ya kamata ka san labarin mutumin da ya fi kowa wahala wajen juya shi da harshenka, gama labarinsa yana da magana dominka. Mutanen ƙasarku sun san baƙin ciki. A 2019 da 2020 mahara suka faɗa wa ƙauyuka da yawa na wajenku, aka kashe mutane, aka kore shanu, waɗansu suka bar gonakin ubanninsu. Sabon mai bi wanda ya ga irin wannan ya kan tambayi zuciyarsa ko bin Almasihu ya tsare shi daga wani abu. Wannan mutum ma ya sha binne waɗanda ya ke ƙauna.

Sunansa Walter Miller, amma Hausawa suka kira shi Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872, ya koyi aikin likita a Landan, kāna ya ba da kansa ga ƙungiyar masu bishara da a ke kira C.M.S. Da ya ƙudura zuwa ƙasar Hausa, sai ya fara zuwa Tarabulus, inda fatake da alhazai na ƙasarmu su kan sauka bayan sun ƙetare hamada, domin ya koyi harshen daga bakin masu shi. A can ya sadu da wani yaro mutumin Katsina, Abdulmajid, wanda ubansa ya rasu a hanyar hajji. Maraya ya zama malamin likita, daga baya kuma ya zama kamar ɗansa. Ka ga ashe ƙasar Katsina tana da hannu cikin Hausar da Mila ya iya.

A 1900 su biyar suka taso daga Ikko, Bishop Tugwell yana shugabansu, suka yi tafiya ta watanni har suka isa Kano. Zuciyarsu cike ta ke da sa zuciya. Amma Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita garinsa. Suka komo da baya, suka zauna a Girku, kudu da Zariya. A nan atuni ya kama ɗayansu, Dudley Ryder, saurayi, ya mutu, likita yana tsaye a kansa ba shi da abin yi. Wani kuma ciwo ya mai da shi gida. Bayan wannan wuta ta cinye masaukinsu, sauran suka janye zuwa Loko a bakin Binuwai. Shekara guda ke nan, ba su sami ko mutum ɗaya ba, sai kabari.

Mutum mai hankali irin na duniya da ya ce ya isa. Mila ya komo. A 1905 aka yardar masa ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, yana duban marasa lafiya da rana, yana aikin juyi da dare. Shekaru suka wuce, masu bi ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Sai ga wani abin mamaki a 1913. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya yi ta nazarin abin da Alkur'ani ya faɗa a kan Annabi Isa, har ya tara almajirai, aka kira su Isawa. Aka kashe shi a Kano saboda koyarwarsa, mutanensa suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi. Zuriyarsu ce ta ji labarin wani Bature a Zariya mai maganar Isa, suka zo nemansa. Ka dubi farin cikin mutumin da ya daɗe yana shuka a kan fako, rana ɗaya ya tarar da gona wadda wani ya shuka tun kafin a haife shi! Aka sami fili a Gimi cikin ƙasar Zazzau, suka taru, suka kafa gari na masu bi, mutum fiye da ɗari, da masujada da makaranta da gonaki. Wani pasto baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, W. A. Thompson, shi ya zauna tare da su.

Ba a yi shekara biyar ba ciwon barci ya shigo garin. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, shi kuwa yana son inuwar kurmi a bakin rafi, wurin da mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. Ya kan soma da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga nan jiki ya mutu, hankali ya rikice, mutum ya yi ta gyangyaɗi har da lomar tuwo a hannunsa, har barcin da ba tashi. A zamanin nan maganinsa bai taka kara ya karya ba. Aka yi ta binnewa. Mutanen da suka jira bishara tsara biyu suka same ta, ba su daɗe ba suka mutu. A ƙarshe aka tashi daga Gimi, garin ya zama kufai, aka kwashe marayu zuwa makarantar Zariya.

A nan ina so ka tsaya. Ba wanda zai ce mutanen Gimi sun mutu domin rashin bangaskiya, gama sun bar danginsu da wurarensu saboda ita. Idan wani ya gaya maka mai bi na gaskiya ba ya ciwo, ba ya asara, ba ya binne ɗa, to, bai karanta littafin Ayuba ba, bai kuwa tuna Ubangijinmu da kansa ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru ba. Kuka ba zunubi ba ne. Abin tsoro shi ne mutum ya bar baƙin ciki ya ɗaure masa hannu daga aikin da ke gabansa. Aikin da ke gaban Mila a ran nan shi ne yara marasa uwa da uba, waɗanda ke bukatar tuwo da riga da karatu. Ya riƙe su. Bai taɓa aure ba, su ne suka zama iyalinsa. Daga wannan ƙaramar makaranta Barau Dikko ya fito, likita na fari cikin 'yan Arewa. Daga zuriyar Isawa kuma Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Kada ka zaci mala'ika ne. Mutum ne mai zafin rai, mai kaifin harshe, ya yi ta jayayya da sarakuna da Turawan mulki, har da abokan aikinsa. A ƙuruciyarsa ya sa rai mulkin Turawa zai buɗe wa bishara ƙofa, sai ya tarar su ne suka fi tare masa hanya. A ganina wannan ma horo ne daga wurin Allah, domin ya koyi cewa zuciyar mutum ba da ikon gwamnati a ke samunta ba. Maƙwabtansa Musulmi waɗanda suka ƙi maganarsa ba su ƙi maganinsa ba, shi ma bai hana su ba. Kai da ke zaune tsakanin 'yan'uwanka waɗanda ba su bi hanyarka ba, ka lura da wannan.

Wata hasara kuma ta same shi, wadda ba ta mutuwa ba ce. A 1929 aka fitar da aikin mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, bayan gari. Mila bai so ba, gama shekara ashirin da huɗu ya yi cikin birnin, ya san lungunansa da mutanensa. Ya bar aikin a hannun waɗansu, ya koma Kano, garin da aka kore shi da fari, ya duƙufa ga juyin da ya daɗe yana yi tare da malaman Hausa da waɗansu masu bishara. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Shekara talatin da biyu ke nan tun ran da ya tsaya a bakin kabarin Ryder a Girku.

Da tsufa ya zo masa ya gwada zama a Ingila, amma zuciyarsa ba ta zauna ba. Ya komo ƙasar da ya ba ƙuruciyarsa, ya ci gaba da koyarwa da rubutu. A 1952 ya rasu a Bukuru kusa da Jos, yana da shekara 80. Masujadar ƙasa da aka gina a Wusasa a shekarar ƙaura, wadda a ke kira da sunan Bartalamawas, ita ce ta tara 'ya'yan waɗanda suka tsira daga Gimi, a cikinta kuwa suka yi ta karanta littafin da ya juya musu.