Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya fara da batirin sisin kwabo

A watan Yulin 1812, wani saurayi mai koyon ɗinkin littattafai a birnin Landan ya jera sisin kwabo guda bakwai da faifan ƙarfen zinki bakwai, ya sanya takarda da aka jiƙa da ruwan gishiri a tsakaninsu.

Abin da ya haɗa batir ne. Domin ya tabbatar yana aiki, sai ya tsoma wayoyinsa cikin ruwan gishirin Epsom, ya ga sinadarin yana rabuwa, kuma ya rubuta wa wani abokinsa duk abin da ya gani.

Wannan saurayi shi ne Michael Faraday, wanda bincikensa ya zama tushen kowane janareto da kowace taransifoma da ake amfani da su a yau.

Tashinsa

An haifi Faraday ranar 22 ga watan Satumban 1791 a Newington Butts da ke kudancin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne marar ƙoshin lafiya, kuma iyalin na fama da talauci.

Karatunsa na makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi shagon George Riebau, inda ya shafe shekara bakwai yana koyon sana'a.

A nan ne ya riƙa karanta littattafan da ake kawowa a ɗinke, ciki har da babin lantarki na kundin Encyclopaedia Britannica da wani littafin sinadarai na Jane Marcet. Ɗabi'arsa ita ce duk abin da ya karanta, sai ya nemi kayan da aljihunsa zai iya saya ya jarraba da hannunsa.

A 1812 ya samu tikitin halartar laccocin Humphry Davy a cibiyar Royal Institution. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika wa Davy yana neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mai taimakawa a ɗakin gwaje-gwaje.

Bai daɗe ba ya raka Davy balaguro zuwa ƙasashen Turai, inda ya ga Ampère da Volta ido da ido, ko da yake matar Davy ta riƙa yi masa kallon bara.

Waya mai zagaye maganaɗisu

A 1820 wani ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Oersted, ya gano cewa wayar da lantarki ke bi tana karkatar da allurar kamfas.

An nemi Faraday ya rubuta wa wata mujalla taƙaitaccen bayanin binciken da aka yi a kan lamarin. Kafin ya rubuta, sai da ya maimaita gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya.

A watan Satumban 1821 ya kafa maganaɗisu a tsakiyar kofin zaiba, ya rataya waya ta taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Wayar ta kama zagaye maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ita ce motar lantarki ta farko, duk da cewa ba ta da ƙarfin juya komai.

Nasarar ta jawo masa baƙin jini. An zarge shi da ɗaukar tunanin William Wollaston ba tare da ambata shi ba, kuma Davy da kansa ya yi adawa da zaɓensa cikin ƙungiyar Royal Society, amma aka zaɓe shi a 1824.

Shekaru goma na laluɓe

Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: tun da lantarki na haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu zai iya haifar da lantarki?

Ya gwada a 1825 bai ga komai ba. Ya sake gwadawa daga baya, shiru. A tsakani kuma an ɗora masa aikin inganta gilashin madubin hangen nesa, wanda ya ci masa shekaru ba tare da wani abin kirki ba.

Ranar 29 ga watan Agustan 1831 ya ɗauki wani zoben ƙarfe mai faɗin kimanin inci shida, ya naɗe shi da wayoyin tagulla biyu, ɗaya a kowane ɓangare. A lokacin babu waya mai rufin roba, don haka da zare da ƙyallen atamfa ya raba naɗin domin kada wayoyin su taɓa juna.

Ya haɗa ɓangare ɗaya da batir, ɗayan kuma da allurar awo. Allurar ta yi tsalle sa'ad da ya haɗa batirin, ta koma ta tsaya, ta sake tsalle sa'ad da ya cire shi.

A nan ne ya gane inda gwaje-gwajensa na baya suka kuskure. Yana ta jiran lantarki daga maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya, alhali sauyi ko motsi ne ke haifar da shi.

Cikin watan Oktoba ya gwada zura maganaɗisu cikin naɗin waya da zaro shi, sannan ya juya faifan tagulla tsakanin bakin wani babban maganaɗisu, ya samu lantarki mai ɗorewa. Injinan madatsar Kainji da ƙaramin janareton mai shago duk a kan wannan ƙa'ida suke aiki.

Da wuya ya iya gano kuskuren nan in ba don littafin ajiyarsa ba. Ya riƙa rubuta abin da ya yi zato, da kayan da ya haɗa, da abin da ya fito, har da ranakun da komai bai fito ba. Daga baya ya sa wa sakin layukan lamba, kuma lambobin sun haura 16,000.

Malamin yara

A 1825 cibiyar ta soma laccocin ƙarshen shekara domin yara, kuma Faraday ya gabatar da jeri 19 daga cikinsu tsakanin 1827 da 1860.

Ba ya farawa da ƙa'ida. Yakan ɗauki abin da yaro ya sani, ya yi tambaya, ya yi gwaji a gabansu, wani lokaci ya nuna musu yadda za su maimaita a gida. Mafi shahara su ne laccocinsa shida a kan kyandir, waɗanda aka buga a littafi a 1861.

Faraday mutum ne mai riƙo da addininsa a wata ƙaramar ɗarikar Kirista. Sau biyu yana ƙin shugabancin Royal Society.

Tun daga wajen 1839 mantuwa ta fara damunsa, ta kuma tsananta a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu ranar 25 ga watan Agustan 1867 a gidan da Sarauniya Victoria ta ba shi a Hampton Court, aka binne shi a maƙabartar Highgate.

Ma'aunin da ake rubutawa a jikin kapasito, wato farad, daga sunansa aka samo shi.