Charles de Foucauld: hafsan da aka dakatar saboda taurin kai, wanda ya ƙare rayuwarsa cikin biyayya a ƙasar Abzinawa

Duk direban da ya taɓa bin hanyar Arlit da Asamaka ya san Tamanrasat, babban garin kudancin Aljeriya. A shekarar 1905 gidajen wurin ba su wuce ashirin ba. A wannan shekarar ne wani limamin Katolika ɗan Faransa ya sauka can, ya gina ɗan ɗakin laka, ya zauna cikin Abzinawa har ranar 1 ga watan Disamba na 1916 da aka harbe shi a ƙofar gidansa. Sunansa Charles de Foucauld. Kiristoci da yawa suna kawo shi misali idan ana maganar biyayya ga Allah, alhali a ƙuruciyarsa babu wanda ya isa ya ce masa bari.

An haife shi a Strasbourg ranar 15 ga Satumba 1858, a gidan masu sarauta da dukiya. Bai cika shekara shida ba uwarsa da ubansa suka rasu cikin shekara ɗaya, 1864. Kakansa na wajen uwa, tsohon kanar na soja, shi ya riƙe shi tare da ƙanwarsa, riƙon da babu tsawa babu kwaɓa. Yana ɗan shekara goma sha biyar zuwa sha shida ya bar addini baki ɗaya. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876. Da kakan ya rasu a 1878, gado mai yawa ya faɗo hannunsa, ya shiga facaka da shi wajen ciye-ciye da shaye-shaye da mata. A makarantar sojan doki ta Saumur, cikin ɗalibai 87 shi ne na 87.

Da aka tura rundunarsu Aljeriya, sai ya tafi da wata dadironsa. Shugabanninsa suka ce ya sallame ta, ya yi kunnen uwar shegu da su. A 1881 aka dakatar da shi saboda rashin ɗa'a. Ƴan watanni bayan haka ya ji labarin abokansa suna fagen yaƙi a kudancin Oran, ya roƙi a mai da shi, aka mai da shi, ya kuma yi aikin da kyau. Amma da ya nemi hutu don yawon binciken ƙasa aka hana shi, sai ya ajiye kakin gaba ɗaya a 1882.

A wancan zamani Maroko a rufe take ga Turawa. Charles ya ɓad da kama ya zama malamin Yahudawa, ya samu wani malamin Yahudawa na gaske mai suna Mardochée ya yi masa jagora. Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 suka ratsa kusan kilomita 3,000, yana auna duwatsu da koguna a ɓoye, yana rubutawa a ƴan takardun da ke ɓuya a tafin hannu. Ƙungiyar masana taswirar ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885. Sai dai ya dawo da wani abin da bai je nema ba. Ya ga Musulmi, mai kuɗi da talaka, kowa na barin abin da yake yi ya fuskanci alƙibla idan lokacin salla ya yi. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ganin wannan imani ne ya girgiza shi, ya sa ya fara tunanin akwai abin da ya fi sharholiyar duniya.

A ƙarshen Oktoba 1886 ya shiga majami'ar Saint-Augustin a Paris, wajen wani limami mai suna Henri Huvelin, wanda ƴar'uwarsa Marie de Bondy ta sani. Ya je ne da niyyar a yi masa bayanin addini, ya ji ko zai gamsu. Huvelin bai tsaya muhawara da shi ba, ya umarce shi ya durƙusa ya furta zunubansa. Mutumin da ya gagari kanar-kanar ya durƙusa. Daga ranar har rasuwar Huvelin a 1910, Charles bai yanke wata babbar shawara ba sai ya rubuta masa ya jira amsa, ko da wasiƙar za ta yi wata biyu a bayan raƙumi.

A koyarwar Kirista tushen biyayya shi ne Yesu Almasihu kansa. Linjila ta ce ya girma a Nazarat ƙarƙashin Maryamu da Yusufu yana yi musu biyayya, kuma daren da za a kama shi ya roƙi Uba a yi nufinsa, ko da ya saɓa wa abin da ransa ke so. Katolika sun ƙara da cewa mutum ba ya iya rarrabe nufin Allah da son zuciyarsa shi kaɗai, don haka yana bukatar wani na gaba da shi da zai saurara. Masu shiga zuhudu kuwa alkawari suke ɗauka a kan haka, tare da alkawarin talauci da na rashin aure. Charles ya riƙe wannan koyarwa da hannu biyu, wataƙila don ya san halinsa. Mutum ne mai garaje, idan abu ya shiga kansa yana so a yi shi yau. Umarnin farko da ya sha wuyarsa shi ne jira. Ya so shiga zuhudu nan take, Huvelin ya sa shi ya dakata shekara uku.

Ya bar wa ƙanwarsa dukiyarsa, a Janairu 1890 ya shiga gidan zuhudun ƴan Trappe na Notre-Dame des Neiges, inda ake yini ana aiki da addu'a ba a magana. Bayan ƴan watanni ya nemi a tura shi reshensu mafi talauci, a Akbes, ƙasar Sham, ƙarƙashin daular Turkawa. Can ma bai samu natsuwa ba. Ya ga talakawan ƙauyen sun fi masu zuhudun talauci, abin ya tsaya masa a rai. Ya zauna ya tsara dokokin wata sabuwar ƙungiya da za ta rayu da aikin hannu kamar ma'aikacin Nazarat, ya aika wa Huvelin. Amsar da ta dawo ba ta yi masa daɗi ba: dokokin sun yi tsanani, babu mai iya bin su, kuma shi bai dace da jagorancin kowa ba. Ya haɗiye, ya ci gaba da zama.

Da ya nemi izinin fita a 1896, sai shugabanninsa suka tura shi Roma karatun tauhidi, abin da ya fi ƙi, domin yana ganin karatu da limanci ɗaukaka ce, shi kuwa ƙasƙanci yake nema. Yana da shekara 38 ya zauna aji ɗaya da samari. Ya shaida wa shugabannin cewa duk abin da suka yanke zai bi, ko da zama ne cikinsu har mutuwa. A Janairu 1897 babban shugaban ƙungiyar ya kira shi ya sallame shi ya bi kiransa. Ya tafi Nazarat, ya zama baran wani gidan mata masu zuhudu, yana shara da aike, yana kwana a wata ƴar rumfar katako cikin lambu, har shekara uku. Limancin da ya yi ta gudu, a ƙarshe aka shawo kansa ya karɓa ranar 9 ga Yuni 1901.

Daga nan sai hamada. Ya fara zama a Beni Abbes, kusa da iyakar Maroko, inda ƙofarsa ba ta rufuwa: bayi, matafiya, marasa lafiya, sojoji. A nan ya tarar da bauta tana ci gaba a idon hukumar Faransa, wadda ta kau da kai don kada ta ɓata da masu bayin. Ya fanshi ƴan kaɗan da kuɗin da danginsa ke aiko masa, ya rubuta wasiƙu masu zafi yana neman a kai maganar har majalisar Paris. Shugabansa na addini a Sahara, Charles Guérin, ya ce masa ya sassauta, kada hukuma ta kore su daga yankin baki ɗaya. Ya faɗa masa ƙarara bai gamsu ba, sannan ya yi shiru kamar yadda aka ce. Wannan wuri yana da wuyar haɗiya. Masu kare shi suna cewa bai ɓoye gaskiya ga wanda ya kamata ya ji ta ba. Amma bawan da ya kwana a ɗaure a wancan lokaci, shirun bai kwance shi ba.

Tsohon abokinsa na soja, Laperrine, shi ya ja shi kudu zuwa duwatsun Hoggar, bayan Guérin da Huvelin sun amince. Sarkin Abzinawan yankin, Musa ag Amastan, ya ba shi izinin zama a Tamanrasat. Dokar majami'a ta lokacin ta hana limami yin babbar ibadar Mes idan babu mai taya shi, shi kuwa babu Kirista ko ɗaya kusa da shi bayan mai taya shin ya tafi. Babu mai ganinsa a tsakiyar hamada, da ya ga dama da ya yi abinsa. Ya bari. Kirsimetin 1907 ya wuce bai yi Mes ba, sai a ƙarshen Janairu 1908 labari ya iso cewa Paparoma ya ba shi izini.

Wannan lokaci ya zo daidai da fari mai tsanani. Ya rabar da abincin da ya tanada, sannan ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Abzinawan da ya zo taimaka wa su suka bi rugage suna neman akuyar da ke da sauran nono, suka yi ta kawo masa har ya miƙe. Masu nazarin rayuwarsa suna ganin daga nan zamansa da su ya sake, ya koyi karɓa daga hannun maƙwabci. Wa'azi dai bai yi musu ba, kuma babu Ba'abzine ko ɗaya da ya bar Musulunci ta dalilinsa. Abin da ya cinye shekarunsa shi ne harshensu. Ya rubuta ƙamus na Tamashek da Faransanci mai shafi sama da 2,000, ya tattara baitocin waƙoƙinsu kusan 6,000 daga bakin maza da mata, ya fassara. Ya kammala aikin waƙoƙin kwana uku kafin a kashe shi.

Ba za a ba da labarinsa a tsallake alaƙarsa da mulkin mallaka ba. Bafaranshe ne na zamaninsa, ya yarda Faransa na da hakkin mulkin Sahara, ko da yake yana sukar zaluncin wasu hafsoshi. Yana rubuta wa sojoji labarin abin da ke gudana a yankin. Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914 ya so komawa fagen daga, aka ce ya zauna inda yake, ya zauna. Da ƴan Sanusiyya suka fara matsowa daga Libiya, ya gina ƙaramar ganuwa don mutanen gari su fake, aka kuma ajiye bindigogi da harsasai a ciki. Har yau akwai masu tarihi, musamman a Aljeriya, da ke kallonsa a matsayin idon sojan mamaya.

Ranar da abin ya faru, da almuru, wani mutum da ya sani ya kira shi daga waje cewa wasiƙu sun iso. Yana buɗe ƙofa aka fizgo shi, aka ɗaure masa hannuwa ta baya, aka durƙusar da shi, aka bar wani yaro ɗan shekara goma sha biyar yana tsaronsa, sauran suka shiga kwasar kaya. Alamu sun nuna garkuwa suka so yi da shi. Sai ga sojojin raƙumi biyu sun ɓullo, aka fara harbi, yaron ya firgita ya harbe shi a kai. Cikin watan nan na Disamba ne Kaocen ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas, har sai da dakaru suka taso daga Damagaram suka karya ta a Maris 1917.

Ya rasu yana da shekara 58, ba tare da ko mutum ɗaya ya shiga ƙungiyar zuhudun da ya yi shekara ashirin yana tsara wa dokoki ba. Littafin da René Bazin ya rubuta a kansa a 1921 shi ya fito da sunansa. A 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu maza a Aljeriya, a 1939 aka kafa ta mata, waɗanda daga baya suka iso har nan Nijar. An mai da gawarsa El Golea, wadda yanzu ake kira El Meniya, a 1929. Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyan Katolika ranar 15 ga Mayu 2022. Ƙamus ɗinsa kuwa, masu nazarin Tamashek suna buɗa shi har gobe.