RAJ KAPOOR: ƊAN GADON DA FIM ƊAYA YA KUSA RABA SHI DA GIDA

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Indiya ne, mu duba tarihin marigayi Raj Kapoor, ɗan wasan kwaikwayo kuma mai shirya fim, wanda ya rasu tun 1988. Wani zai ce me ya haɗa mu da Ba'indiye? To ai tun wajen shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya ƙasar Hausa, mu kuma da muka taso a Kano, Zariya da Katsina kafin neman abinci ya kawo mu Bauchi, da wuya a sami wanda bai taɓa kallon wani ɗan gidan Kapoor ba, ko a silima, ko a talabijin, ko a kaset ɗin bidiyo. Sannan labarinsa labari ne na sana'ar gado da jari da bashi, abin da kowane ɗan kasuwa a Wunti ko Muda Lawal ya san zafinsa.

An haifi Raj Kapoor ranar 14 ga Disamba 1924 a birnin Peshawar, wanda yanzu yake cikin Pakistan. Mahaifinsa Prithviraj Kapoor babban ɗan wasa ne. Yana cikin waɗanda suka fito a Alam Ara a 1931, wato fim na farko mai magana a Indiya, kuma shi ne Sarki Akbar a cikin Mughal-e-Azam na 1960. A 1944 ya kafa ƙungiyar wasan dandali mai suna Prithvi Theatres, suna yawo gari-gari. Ƙannen Raj biyu, Shammi da Shashi, su ma duk wasan suka bi. Gida dai ya zama kamar gidan maƙera ko gidan makaɗa a wajenmu, inda yaro yake buɗe ido ya tarar da sana'a a zaure.

Abin da ya burge mu shi ne uban bai ɗora ɗansa a kan kujera ba. Ko da yake ya leƙa fim yana ɗan shekara 10 a Inquilab na 1935, da ya zama saurayi sai ya shiga aikin yaron gida a ƙarƙashin darakta Kidar Sharma, yana riƙe ɗan allon nan da ake bugawa a gaban kyamara kafin a fara ɗauka. Daga baya wannan maigidan nasa ne ya ba shi jarumta a Neel Kamal a 1947. Wato kamar dai attajiri ya kai ɗansa rumfar wani, a ce ya fara da shara da ɗaurin kaya.

A 1948, bai ma cika shekara 24 ba, ya buɗe kamfaninsa, R.K. Films, ya fitar da Aag, shi ne darakta, shi ne jarumi, shi ne mai kuɗin. Kasuwa ba ta yi wani armashi ba. Sai a 1949 Barsaat ya karɓu, da ribarsa ya gina sutudiyo a unguwar Chembur a Bombay. A nan ya nuna irin wayonsa na haɗa mutane ya riƙe su: Shankar da Jaikishan a kiɗa, Shailendra da Hasrat Jaipuri a rubuta waƙa, Mukesh kuwa ya zama muryarsa, domin kusan duk waƙar da muka ga Raj yana motsa baki, Mukesh ne yake rerawa. Labari kuma yawanci Khwaja Ahmad Abbas ne yake rubutawa, shi Raj ya zauna a kai ya tsara yadda za a ɗauka, wani lokaci ma shi da kansa yake tace fim ɗin.

Awaara na 1951 shi ya fitar da sunansa duniya. Labarin wani alƙali ne mai ganin ɗan ɓarawo ɓarawo ne, ɗan mutumin kirki kuma mutumin kirki. Ya kori matarsa da ciki bisa zargi, yaron ya taso a lungu ya zama ɗan sane, ƙarshe aka gurfanar da shi ana tuhumarsa da yunƙurin kashe alƙalin, wanda uban nasa ne. Ku lura da wannan: uban Raj na gaskiya ne ya fito alƙalin, ƙanensa Shashi ya fito Raj yana yaro, har kakansa sai da ya leƙa. Fim ɗin ya yi tashe a Rasha, Sin da Turkiyya, an kuma kai shi gasar Cannes a Faransa a 1953. A 1955 ya biyo da Shree 420, labarin ɗan ƙauye mai gaskiya da birni ya mai da shi macuci. Lambar 420 ita ce sashen dokar zamba a Indiya a wancan zamani, daidai da 419 ɗin da muka sani. A cikin waɗannan finafinai yana fitowa ne da ɗangalallen wando da tsohuwar hula irin ta Charlie Chaplin, talaka mai ban dariya da ban tausayi.

Jarumarsa a wancan lokaci ita ce Nargis, sun yi fim 16 tare, alhali yana da matarsa Krishna da ya aura tun 1946. Mutane sun yi ta magana. Daga baya ta bar kamfanin, ta yi Mother India a 1957, fim ɗin da dattawanmu har yau suke ba da labarinsa, ta auri Sunil Dutt a 1958. Ita ce mahaifiyar Sanjay Dutt.

Yanzu ga inda labarin ya shafi ɗan kasuwa. Bayan Sangam na 1964, fim ɗinsa na farko mai kala, ya kawo kuɗi masu yawa, sai ya kwashi jari ya zuba a Mera Naam Joker, labarin ɗan kama mai sa jama'a dariya shi kuwa zuciyarsa na kuka. Kusan shekara 6 ana aiki. Har 'yan wasan sakos aka ɗauko daga Rasha. Kuɗi suka ƙare, ya ci bashi, ya jinginar da kadarorinsa. Da fim ya fito a Disamba 1970, tsawonsa ya haura awa 4, sai an tafi hutu sau biyu. Jama'a sun shiga neman dariya suka tarar da wa'azi, suka juya baya. A namu ganin laifin ba na 'yan kallo ba ne. Wanda ya saro kayan da shi yake so, bai tambayi abin da kasuwa take so ba, shi ya san inda zai kai su. Ko da yake yau ana lissafa fim ɗin cikin manyan ayyukansa, wannan yabo bai biya masa bashi a lokacin ba.

Masifa kuwa ba ta zo ita kaɗai ba. Shailendra ya riga ya rasu tun 1966, Jaikishan ya bi a 1971, mahaifinsa ya rasu a 1972, mahaifiyarsa ta bi shi cikin 'yan kwanaki. Ba shi da kuɗin ɗaukar babban jarumi, saboda haka ya waiwaya cikin gida. Ya ɗauki ɗansa Rishi, saurayi ɗan shekara 20 da ɗoriya, ya haɗa shi da wata sabuwar yarinya, Dimple Kapadia, ya yi Bobby a 1973, soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar masunci. Shi kansa ya sauka daga jarumta ya tsaya bayan kyamara. Bobby ya ci kasuwa ƙwarai, ya biya bashi, gida ya tsira. Irin wannan labari na soyayyar da iyaye suka ƙi, mun ga yadda ya cika littattafan soyayya da finafinan Hausa daga baya.

Finafinansa na ƙarshe kam akwai magana. Prem Rog na 1982 ya taɓo auren matar da mijinta ya rasu, abin da al'adar Hindu take ƙyama, mu kuwa addininmu ya halatta tuntuni. Amma Satyam Shivam Sundaram na 1978 da Ram Teri Ganga Maili na 1985, ya bayyana jikin mata fiye da kima, har a can Indiya sai da aka yi ta suka. Ba finafinan da magidanci zai kunna a gaban iyalinsa ba ne, kuma muna zargin tsoron sake faɗuwa ne ya kai shi ga haka.

Ya daɗe yana fama da ciwon asma. A watan Mayu 1988 aka kira shi Delhi don karɓar lambar Dadasaheb Phalke, wadda ita ce mafi girma a harkar fim a Indiya. A wurin taron numfashi ya sarƙe masa, ya kasa hawa dandamali, sai Shugaban ƙasa Venkataraman ne ya sauko ya miƙa masa. Daga nan aka wuce da shi asibiti, ya rasu ranar 2 ga Yuni 1988 yana da shekara 63.

Babban ɗansa Randhir ya ƙarasa Henna, fim ɗin da ya bari, a 1991. Rishi ya shirya wani a 1999, daga shi kamfanin bai sake fitar da fim ba. Jikoki dai sun riƙe wasan, su Karisma da Kareena da Ranbir, amma a kamfanonin wasu suke aiki. A Satumba 2017 gobara ta cinye babban ɗakin ɗaukar fim na Chembur tare da tufafi da kayan tarihin da aka adana. Magada suka zauna suka ga gyara ba zai mai da kuɗinsa ba, a 2019 suka sayar wa kamfanin Godrej filin, aka gina gidajen kwana a wurin.