John Goodricke, kurman yaron da ya fara gane sirrin tauraro mai ƙifta ido

Yau tarihin wani yaro ɗan Ingila muka kawo muku, wanda bai wuce shekara 21 a duniya ba, kuma kurma ne, amma har gobe masana taurari suna ambaton sunansa.

An haifi John Goodricke ranar 17 ga Satumba 1764 a Groningen, ƙasar Holan. Tun yana ƙarami ya kurumce. Iyayensa masu hali ne, kuma ba su ɓoye shi cikin gida ba yadda wasu ke yi da kuramen ƴaƴansu a garuruwanmu. Suka kai shi lakwal ɗin kurame ta Braidwood a birnin Edimbura, daga baya ya wuce makarantar Warrington, inda ya ƙware a lissafi. Da ya koma wajen iyayensa a birnin York, sai ya tarar da maƙwabci, Edward Pigott, mai sha'awar duban taurari, suka riƙa kwana suna kallon sama.

Akwai wani tauraro da ake kira Algol. Sunan daga Larabci ya fito, Ra'asul Gul, wato kan dodo. Tun kafin a haifi Goodricke wani Ba'italiye, Montanari, ya lura haskensa yana raguwa wani lokaci, amma ba wanda ya san ƙa'idar abin. Ranar 12 ga Nuwamba 1782 Goodricke ya ga tauraron ya dushe. Maimakon ya ce idonsa ne, sai ya ɗauki alƙalami ya riƙa rubuta lokaci, dare bayan dare, yana gwada haskensa da na taurarin da ke kusa. Ya gano abin yana da lokacinsa kamar kasuwar ƙauye: duk bayan kwana 2 da awa 20 da kusan minti 49 sai ya dushe. Daga fara dushewa zuwa dawowa kamar awa 10 ne, kuma hasken yakan sauka zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku.

Sai ya kawo dalili biyu. Ko dai wani babban abu mai duhu ne yake kewaya tauraron yana tare shi, irin yadda wata ke tare rana a yi husufi, ko kuwa tauraron ne yake da tabo a jikinsa yana juyawa. Na farkon shi ne ya faɗa kusa da gaskiya. A 1783 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley, yaro bai cika ashirin ba. Ya ci gaba, ya gano wasu taurari biyu masu sauya haske, Beta Lyrae da Delta Cephei. A watan Afrilu 1786 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar, ranar 20 ga watan kuma rai ya yi halinsa.

Sai da aka yi shekara fiye da ɗari, a 1889, wani Bajamushe, Hermann Vogel, ya auna hasken da na'ura a Potsdam, ya tabbatar Algol yana kai da komo saboda yana da abokin kewaye. To, ga abin da aka sani yau. Taurari biyu ne suke kewaya juna kamar ƴan kokowa kafin su kama, tsakaninsu kilomita wajen miliyan 9, wanda a lissafin sama kusa ne ƙwarai. Ɗaya mai zafi ne, fari da ɗan shuɗi, nauyinsa ya fi na ranarmu sau uku. Ɗayan ya fi shi faɗi amma bai kai nauyin rana ba, kuma haskensa kaɗan ne: buhun auduga ke nan gaban dutsen niƙa. Idan buhun ya gifta gaban dutsen, mu a nan sai mu ga dushewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mara nauyin nan shi ne babba a da. Da ya tsufa ya kumbura, sai ɗan'uwan ya riƙa janye iskar jikinsa har ya fi shi nauyi. Akwai ma na uku a gefe, yana kewaye su duka cikin kusan shekara biyu. Hasken da ke iso mana daga gare su ya yi shekara fiye da 90 a hanya.

Mai son gani, ba ya buƙatar na'ura. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daren da babu hazo, bayan isha'i a nemi Kaza Mai Ƴaƴa, a ɗan karkata ido wajen arewa da ita. Sai dai a daure a duba dare da yawa a jere, don dushewar takan faɗo da rana.